Idan Jijiya Ta Ɓuya

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san wannan magana: "Jijiyarsa ta ɓuya." Malamar jinya ce ke faɗa, bayan ta ɗaure dantse da roba, ta bubbuga bayan hannu, ta soka ta zare, ta koma ɗaya hannun, ta gangara ƙafa. Ga ledar ruwa a rataye, ga jinin da dangi suka sha zirga-zirga kafin su samo, amma an rasa ƙofar da za su bi su shiga jiki. Mai jinya yakan ɗauka rashin iya aiki ne, har ya fara ƙunƙuni. Sau da yawa kuwa zalunci ne a ce haka. Akwai jikin da ko wadda ta shekara talatin tana sa kanula sai ta yi gumi a kansa.

Yaron da amai da gudawa suka tsotse, jijiyoyinsa lafewa suke yi don babu ruwan da zai cika su. Mai jegon da jini ya ɓalle mata, jikinta da kansa ke matse ƙananan jijiyoyin hannu da ƙafa don ya tattara ɗan abin da ya rage ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa; wato lokacin da aka fi neman jijiya ruwa a jallo, shi ne lokacin da take gudu. Akwai mai ciwon ƙoda da ya kumbura, akwai mai ƙiba, akwai wanda wuta ta cinye hannayensa. Amma waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu sikila. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu ita a kowace shekara. Tun yaro yana goye ake sukansa, yau ƙarin ruwa, gobe ƙarin jini, jibi allurar kashe ciwo. Kafin ya kai shekara ashirin jijiyoyin da ake gani duk sun taurare sun toshe, shi da kansa yake nuna wa malaman asibiti inda ba a taɓa ba tukuna.

Mutumin Getso ko Kutama ko Garo, idan ciwo ya ci ƙarfin asibitin kusa sai a nufi babban asibitin Gwarzo. In nan ma abin ya gagara, a rubuta takardar Kano: kimanin kilomita 70 daga Gwarzo, ta Rimin Gado da Janguza, a shiga ta Kabuga, a nufi Murtala ko Nasarawa ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. A can ne yawanci dangi kan fara jin likita ya ce za a sa wa majinyaci roba a wuya. Nan take gaba ya faɗi, domin a wurinmu wuya mahallin yanka ne, ba wurin da ake kai ƙarfe da sunan magani ba. To ga abin da ake nufi, ga kuma dalilin da ya sa nake ganin wanda ya iya wannan aiki ya cancanci a jinjina masa.

Ko jijiyoyin hannu duk sun ɓuya, akwai manya a can ciki waɗanda ba sa ɓacewa muddin da rai: ɗaya a kowane gefen wuya, ɗaya a ƙarƙashin ƙashin da ya ratsa daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ɗaya a gindin cinya. Kaurin ta wuya ya kai na ɗan yatsa, kuma hanyarta miƙaƙƙiya ce zuwa zuciya, musamman ta dama. Siririyar roba mai tsawon santimita 15 zuwa 20 ake zurawa a cikinta, bakin robar ya tsaya a babbar jijiyar da ke zuba jini a zuciya. Ba don ɓuyar jijiya kaɗai ake yin haka ba. Akwai magungunan da ƙaramar jijiya ba ta iya ɗauka, kamar na ɗaga bugun jini ga wanda ya sauka ƙwarai, ko wasu na ciwon daji, ko abincin ruwa da ake ba wanda hanjinsa ba ya aiki. In suka tsiyaye a ƙarƙashin fata sai naman wurin ya mutu. A babbar jijiya kuwa yawan jinin da ke gudu yana surka su nan da nan. Injin wankin ƙoda ma yana jan jini mililita 200 zuwa 300 a minti ɗaya, abin da kanular hannu ba za ta taɓa bayarwa ba.

Wanda ya fara nuna cewa zura roba har zuciya zai yiwu wani matashin likita ne Bajamushe, Werner Forssmann, a garin Eberswalde a 1929. A kansa ya gwada: ya zura roba ta jijiyar hannunsa har zuciya, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto don a ga shaida. Manyansa sun ɗauke shi mai ganganci, sai a 1956 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu likitoci biyu. A 1952 wani likitan Faransa, Robert Aubaniac, ya bayyana yadda ake shiga jijiyar ƙarƙashin ƙashin kafaɗa don ceto sojojin da suka zubar da jini. Shekara ɗaya bayan haka, a 1953, Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Suwidin ya zo da dabarar da har yau ita ake bi a ko'ina: a shiga da ƙaramar allura, a zura waya mai laushi ta cikinta, a zare allurar, sannan a bi da roba ta kan wayar kamar yadda ake zura ɗan carbi a zare, a ƙarshe a zare wayar. Kafin shi sai an soka allura mai kaurin da roba za ta bi ta cikinta, ko a tsaga fata a tono jijiyar. Tsofaffin ma'aikatan asibitocinmu sun san tsagar idon sawu da ake yi wa yara in kanula ta gagara.

Matsala ɗaya ta rage, kuma babba ce: ta yaya allurar farko za ta sami jijiyar? Shekaru da dama a makance ake yi. Likita ya lalubi ɗan kwarin da ke tsakanin rassa biyu na tsokar wuya, ya ji bugun jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa da yatsunsa, ya soka a gefenta yana nufar nonon wannan ɓangare, yana jan sirinji a hankali har baƙin jini ya fito. Ban raina masu wannan hannu ba, sun ceci rayuka ba adadi, kuma inda babu na'ura har yanzu su ne gatan majinyaci. Sai dai Allah bai yi wuyan mutane iri ɗaya ba. A wani, jijiyar tana gefen mai bugun kamar yadda littafi ya zana. A wani tana kwance a kanta daidai. A wani ƙarama ce, ko gudan jini ya toshe ta tun daga robar da aka taɓa sa masa. Allurar da ta kauce kaɗan za ta iya huda mai bugun, wuya ya kumbura da jini har ya danne maƙogwaro, ko ta taɓa kan huhu iska ta shiga ƙirji huhun ya lafe. An kuma gano cewa in aka yi suka uku ko fiye, haɗarin irin wannan ɓarna yakan ninka kusan sau shida a kan na suka ɗaya. Mutanen da aka fi yi wa suka da yawa kuwa su ne dai waɗancan masu wuyar jijiya.

A nan na'urar sikanin ta shigo. Matan Gwarzo da Kabo ba baƙinta ba ne, ita ce ta hoton ciki, wadda Ian Donald na Gilasgo ya buɗe wa hanya a fannin mata da haihuwa a 1958. Sauti take aikawa cikin jiki, mai kaifin da kunne ba ya ji, ta saurari amsa-kuwwarsa ta mayar da ita hoto. Ruwa ba ya maido da sautin, shi ya sa jini ke fitowa baƙi a allo. Nama kuma toka-toka. Ƙarfe fari tas. Bambancin kawai shi ne kan da ake ɗorawa a jiki. Na ciki mai lanƙwasa ne, yana hango nesa; na jijiya miƙaƙƙe ne, ba ya zurfi amma yana fayyace abin da ke kusa, kuma jijiyar wuya ba ta cika wuce santimita 1 zuwa 2 a ƙarƙashin fata ba. An fara jarraba sauti wajen neman wannan jijiya tun 1978. A 2002 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a riƙa amfani da na'urar wajen sa roba a jijiyar wuya, kuma nazarin Cochrane na 2015 da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna ta rage matsaloli da kimanin kashi 70 cikin 100.

Amma kada wani ya ɗauka na'urar ce ke yin aikin. Ita haske kawai ta kawo.

Gwani tun kafin ya sa safar hannu yake fara dubawa. Ya ɗora kan na'urar a gicciye a wuyan dama, baƙaƙen da'ira biyu su bayyana. Wacce ce wacce? Sai ya ɗan danna. Mai mayar da jini zuciya bangonta siriri ne, tana lotsewa har bakinta ya haɗe. Mai kai jini ƙwaƙwalwa kuwa tana nan zagaye tana harbawa. In ya danna bai ga ta lotse ba, to akwai gudan jini a ciki, sai ya bar ta ya duba hagu. Ya bi ta sama da ƙasa yana neman inda ta fi faɗi kuma ta kauce daga kan mai bugun. Ya lura cewa juya kan majinyaci da yawa yakan ɗora ɗaya a kan ɗaya, don haka kaɗan yake juya shi. A karkata gado kai ya yi ƙasa da ƙafafu kaɗan don jijiyar ta cika ta buɗe, kuma don kada iska ta samu shiga. Ga wanda ruwa ya ƙare a jikinsa, nauyin kan na'urar kaɗai ya isa ya rufe jijiyar ta ɓace daga allo, shi ya sa hannun da ke riƙe da shi yake jingine a jikin majinyaci, yana taɓa fata ba tare da dannawa ba.

Daga nan sai tsabta irin ta tiyata: hula, takunkumi, riga, safar hannu, a wanke wuya da maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya bushe, a lulluɓe majinyaci da ƙyalle mai ɗan taga, kan na'urar ma a sa shi cikin leda mai tsabta. Wanda aka rufe wa fuska dole ya tsorata, saboda haka likitan kirki ba ya shiru. "Baba, sannu. Zan yi maka allurar kashe wurin, za ka ji ɗan raɗaɗi ya wuce. Kada ka juya, in kana son wani abu ka matse hannun malamar nan." Wannan magana ma cikin aikin take, domin tari ɗaya ko zabura ɗaya na iya sauya komai.

Yanzu ga inda ake rarrabe gwani da ɗan koyo. Hannun hagu na riƙe da kan na'ura, na dama na riƙe da sirinji yana turawa yana ja a lokaci guda, ido kuwa ba ya kan ko ɗaya, yana kan allo. Abin da allon ke nunawa yanki ne siriri ƙwarai na jiki, kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Allurar da ta ratsa wannan yanki farin ɗigo take fitowa, kuma ɗigon iri ɗaya ne ko tsininta ne ko tsakiyarta. Nan tarkon yake. Ɗan koyo ya ga ɗigo a saman jijiya ya ɗauka bai iso ba, ya ci gaba da turawa, alhali tsinin ya riga ya wuce yankin da ake gani, ya huda jijiyar ya fita ta baya, yana dab da mai bugun ko huhu. Gwani ba ya yarda da ɗigon. Yakan zame kan na'urar gaba kaɗan har ɗigon ya ɓace, ya san nan ne ƙarshen allura. Ya tura ta milimita biyu ɗigon ya dawo. Ya sake zamewa, ya sake turawa. Da haka yake raka tsinin taki-taki, ya ga rufin jijiyar ya loɓa, ya ga ya saki, farin ɗigo ya tsaya a tsakiyar baƙar da'ira, baƙin jini ya shigo sirinji ba tare da harbi ba. Wasu sun fi son juya kan na'urar a tsaye, jijiyar ta fito doguwa, allurar ta fito gaba ɗayanta tun daga fata. Ganin ya fi daɗi, amma riƙon ya fi wuya, domin kaucewar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba sai allurar ta ɓace, kuma a wannan kallo mai bugun ba ta cikin hoto. Ƙwararru sukan haɗa duka biyun. Ƙa'idarsu dai ɗaya ce: abin da ba ka ga tsininsa ba, ba ka tura shi.

Samun jini a sirinji rabin tafiya ne. Sai a kafe allurar da yatsu kada ta motsa, a cire sirinji, a toshe bakin, a zura waya mai lanƙwasasshen kai. Ya kamata ta tafi sulɓi. In ta turje ba a tilasta mata. In ta yi nisa ta taɓa cikin zuciya, bugu zai rikice a allon awo, sai a ja ta baya. Sannan abin da na fi yaba wa masu haƙuri a kai: kafin su faɗaɗa hanya, sai sun sake ɗora kan na'urar sun ga wayar kwance a cikin jijiyar da ake nufi. Dalili kuwa, hudar ƙaramar allura a jijiya mai bugu dannewa na 'yan mintuna kan tsayar da ita, amma in aka bi da kakkaurar robar faɗaɗawa, to an shiga maganar tiyata, wani lokaci har da shanyewar ɓarin jiki. Wannan dubawa ba ta cin rabin minti. Bayan ta sai a ɗan tsaga fata, a faɗaɗa, a zura robar ta kan waya, kuma hannu ɗaya ba ya taɓa sakin wutsiyar wayar, domin an sha samun wadda ta sulale gaba ɗaya cikin jiki. A zare ta, a nuna wa mai taimako ya shaida ta fito, a ja jini ta kowane baki a wanke da ruwan gishiri, a ɗinke robar a fata, a rufe. Hoton ƙirji zai nuna inda bakinta ya tsaya. Kafin a kai ga ɗakin hoto ma, na'urar nan za ta iya nuna ko huhu yana zamewa a jikin haƙarƙari yadda ya kamata.

Wani ɓangare na gwanintar shi ne sanin lokacin da ba a yi. Mai jegon da jini ke zuba, gajerun kanula biyu masu faɗi sun fi doguwar roba saurin kai jini, kuma da na'urar akan samo jijiya mai zurfi a dantse wadda ido da yatsa suka rasa, a huta da taɓa wuya. Yaron da ke bakin mutuwa, allurar da ake kafawa a ƙashin ƙwauri ta fi sauri. Mai ciwon ƙoda kuwa ana kauce wa jijiyar ƙarƙashin ƙashin kafaɗarsa, domin takan tsuke daga baya ta lalata hannun da za a yi masa mahaɗar wankin ƙoda ta dindindin. Wanda ya iya abu yakan so ya nuna, amma likitan da ya duba ya ce ba a bukata ya fi burge ni.

Robar da aka sa lafiya ma tana iya kisa bayan mako guda, domin hanya ce buɗaɗɗiya daga waje zuwa zuciya. A jihar Mishigan ta Amurka, Peter Pronovost da abokan aikinsa sun sa ɗakunan kulawa ta musamman 103 bin abubuwa biyar: wanke hannu, cikakkiyar shigar tiyata, wanke fata da kulohekzidin, kauce wa gindin cinya in da hali, da cire robar da zarar amfaninta ya ƙare. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cutar jini ta dalilin roba ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Ba ko ɗaya a cikin biyar ɗin da ya fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma, kuma yawancinsu a hannun malaman jinya suke, waɗanda ba a cika ambata ba in ana yabon aikin.

Shin sai an je Kano? Sa roba a babbar jijiya yana son wurin da ke da awon bugun zuciya, da kayan aiki masu tsabta, da wanda zai iya sa bututu a ƙirji in huhu ya lafe. Ba abin da za a ce kowane ɗakin shan magani ya fara ba ne. Amma matakin farko, wato neman jijiyar dantse da na'ura, wannan kam ya kamata ya sauko kusa da mutane. Na'urorin sun ƙanƙance, akwai masu batir, akwai waɗanda ake haɗawa da wayar hannu, abin da ke da muhimmanci inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Koyon ma ba a jikin mutum ake farawa ba: a wurare da dama da tsokar kaza ake yi, a cusa siririyar balan-balan mai ruwa a ciki, ɗalibi ya yi ta suka har hannunsa da idonsa su saba. Asibitin da zai sayi na'urar hoton ciki, in ya haɗa da miƙaƙƙen kan nan ya kuma tura mutum biyu su koyo, yaro mai sikila daga Kabo zai ragu da suka goma a dare ɗaya, mai jego kuma za ta hau hanyar Kano da ruwa yana shiga jikinta.

Akwai kuma rabon dangi, musamman na masu wankin ƙoda da ake sallama da roba a wuya su koma gida kafin zuwa na gaba. Ba a jiƙa wurin; wanka daga ƙirji zuwa ƙasa, sama kuma a goge da tsumma. Ba a kwance filastar don a leƙa, ba a shafa man zafi ko wani garin magani a bakinta. Ba a barin mai kemis ya buɗe murfinta ya yi allura ta nan don ya ga hanya a sauƙaƙe, domin iska ko ƙwayar cuta za ta bi ta kai zuciya kai tsaye. In robar ta zame ta fita, a kwantar da majinyacin a danne wurin da ƙyalle mai tsabta a nemi mota. In kuwa zazzaɓi da rawar sanyi suka taso, musamman bayan wanki, kada a tsaya sayen maganin maleriya a ga yadda hali zai yi. A koma asibitin da aka sa ta a ranar, a kuma gaya wa wanda ya fara karɓarsa cewa akwai roba a wuyansa da kwanan watan da aka sa.